Araba: Tsoron da Ya Riga 'Yanci Isowa

Kakana bai taɓa zuwa Ikko ba, bai kuma ga teku ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Iyakar tafiyarsa daga Duza ita ce Gusau, inda yakan kai auduga da gyaɗa a kan jakuna, ya kwana a hanya zuwa da dawowa. Amma duk ranar da hira ta biyo ta kan tafiyar Turawa, sai ya gyara zama a kan buzunsa ya ce da ni, "Kai yaro, da anka ce Nasara za su tahi, mu ba murna munka yi ba, tsoro munka ji. Munka ce to, wa za ya riƙe alƙalamin?" Daga nan sai labarin akawun awo: mutumin Kudu, da gajeren wando, fensir maƙale a bayan kunne. Ya ɗora buhu a sikeli, ya leƙa, ya rubuta abin da zai rubuta a 'yar takarda, ya miƙo. Kakana ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta wasiƙa da ajami, amma wannan 'yar takarda sai ya yi ta juya ta bai san me ta ce ba. Ban taɓa jin ya ce akawun ya cuce shi ba. Abin da ke ci masa rai shi ne, ko da an cuce shi, ba shi da hanyar sani.

Na daɗe ina ganin wannan 'yar takarda ita ce mabuɗin wani babi na tarihinmu da ba mu cika son buɗewa ba. Tun Turawa na nan, shugabannin Musulmin Arewa sun yi barazanar ɓallewa daga Nijeriya a fili har sau biyu, a 1950 da 1953. A daidai waɗannan shekaru kuma, wasu al'ummu a cikin Arewar suna roƙon a raba su da mu, domin mu ne dodonsu. Rabin farko mukan tuna da shi in rai ya ɓaci. Rabi na biyu kuwa da wuya ka ji shi a majalisar hira a Anka ko Gummi, alhali daga bayan gidanmu ya faro.

A Indiya aka fara jin irin wannan tsoro, tun kafin Ingila ta ci Sakkwato. Musulmin can sun kai kusan kashi ɗaya bisa huɗu na jama'a, kuma sun saba da mulki, don daular Mughal ta yi ƙarnoni tana riƙe da Delhi. Da Turawa suka sauke Farisanci daga ofis da kotu cikin shekarun 1830, 'yan Hindu suka riga su cika makarantun boko, sai malaman Musulmi suka wayi gari ilimin da suke taƙama da shi ba ya ba da aikin gwamnati. Abin da ya sa Sayyid Ahmad Khan ya kafa kwalejinsa a Aligarh a 1875 ke nan. Da aka fara maganar zaɓe kuwa lissafin ya fito ƙarara: in kowane kai ƙuri'a ɗaya ne, mutum uku za su yi ta rinjayar ɗaya har abada. A ƙarshen 1906 aka kafa jam'iyyar Muslim League a Dhaka. A 1909 Turawa suka amince Musulmi su riƙa zaɓen wakilansu a ware. A watan Maris na 1940, a Lahore, jam'iyyar ƙarƙashin Muhammad Ali Jinnah ta nemi ƙasa ta daban, kuma a watan Agusta na 1947 aka yanka Pakistan. Sama da mutum miliyan goma suka bar gidajensu, dubban ɗaruruwa suka mutu a hanya da cikin unguwanni, kuma miliyoyin Musulmin da suka rage a Indiya suka ƙara zama 'yan tsiraru fiye da da.

Labarin bai tsaya a can ba. Sojojinmu da suka yi yaƙin Bama sun bi ta Indiya, sun dawo gida da abin da idonsu ya gani. Masu karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda Abubakar Imam ke jagoranta tun 1939, suna bin labaran duniya. A 1948 sojojin Indiya suka shiga Hyderabad suka kawo ƙarshen mulkin Nizam, sarki Musulmi mai tarin dukiya, kuma wannan ya girgiza fadojin Arewa. Malam Sa'adu Zungur ya yi amfani da abin da ya faru a Indiya wajen gargaɗin sarakuna a waƙarsa Arewa Jumhuriya ko Mulukiya. Gemun ɗan'uwa ya kama da wuta, kowa na neman ruwan shafa wa nasa.

Sai dai akwai bambanci babba da ake yawan tsallakewa. Musulmin Indiya marasa rinjaye ne a yawan kai. Arewa kuwa ita ke da yawan: ƙidayar 1952 zuwa 1953 ta ba ta kusan miliyan 17 cikin miliyan 30 da 'yan kai, kuma kimanin kashi biyu bisa uku na mutanenta Musulmi ne. Ƙarancinmu a wajen alƙalami yake. A 1957 ɗaliban sakandare a Kudu sun haura 28,000, a Arewa duka ba su cika 4,000 ba. A farkon shekarun 1950, ɗan Arewa guda ɗaya tak aka sani da cikakken digiri na jami'a, Dakta R. A. B. Dikko, Bafillacen Zariya kuma Kirista, wanda shi ne shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa. Tashar jirgin ƙasa, gidan waya, asibiti, kantunan Turawa, duk inda ka leƙa a Gusau ko Kano ko Kaduna, mutumin Sabon Gari ne a bayan tebur. To idan Bature ya tashi daga kujerarsa, wa ya fi kusa da ita? Tambayar kakana ke nan, kuma ita ce tambayar Sardauna Ahmadu Bello.

Wannan giɓi yana da asali. Da Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris 1903, Musulmi sun rabu biyu. Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira, jama'a mai yawa ta bi shi gabas, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli, waɗanda suka tsira suka kai har Sudan suka kafa Mai Wurno. Waziri Buhari da wasu malamai suka zauna, bisa sharaɗin ba za a taɓa salla da addini ba. Ana iya cewa hijirar Attahiru ita ce neman warewa na farko: in ba za ka iya hana baƙo mulki ba, ka kwashe addininka ka bar masa ƙasa. Waɗanda suka zauna kuma sun riƙe wannan alkawari na Lugard gam, Turawa su ma suka ga amfaninsa. An taƙaita shigar mishan ƙasashen sarakuna, alhali mishan ne suka gina yawancin makarantun Kudu. Gwamnati ba ta cike gurbin ba. Makarantar Ɗan Hausa a Nassarawa ta Kano sai 1909, Kwalejin Katsina sai farkon shekarun 1920, su ma don 'yan ƙalilan. Iyaye na ɓoye 'ya'yansu a rumbu in an zo kamun 'yan makaranta, Bature kuma bai matsa ba, don talaka maras boko ya fi sauƙin mulka. An kare mana addini, an bar mu ba makamin zamani. Laifin nan na kowa ne, amma na mai riƙe da baitulmali ya fi girma.

Da aka fara zaunar da wakilan Arewa da na Kudu a majalisa ɗaya a 1947, nan take tsoron ya sami baki. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya faɗa wa majalisar cewa haɗin Arewa da Kudu na 1914 a takarda kawai yake. A taron tsarin mulki na Badun a watan Janairu 1950, Sarkin Zazzau Ja'afaru, tare da goyon bayan Sarkin Katsina Usman Nagogo, ya ce in ba a ba Arewa rabin kujerun majalisar tsakiya ba, za ta nemi a mayar da ita yadda take kafin 1914. Aka ba ta: kujeru 68 cikin 136. Yawan kai shi ne kaɗai jarin da Arewa ke da shi, ta kuwa kashe shi daidai.

Abin ya kai maƙura a 1953. Ranar 31 ga Maris, Anthony Enahoro na jam'iyyar AG ya kawo ƙudurin a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya nemi a cire shekarar, a ce sai lokacin da ya dace. Wakilan Kudu suka fice, Sardauna ya ce kuskuren 1914 ya fito fili. A waje jama'ar Ikko suka yi wa wakilan Arewa ihu, ana kiransu karnukan Turawa, kuma eho ya bi jirginsu tasha bayan tasha a hanyar dawowa. Ka tuna su wane ne a cikin jirgin nan: 'ya'yan sarakuna, hakimai, manyan ma'aikatan En'e, mutanen da a gida ake cire takalmi kafin a gaishe su. Hujjar siyasa ana iya mayar da martaninta, amma wulaƙanci a bainar jama'a ba ya gogewa da sauri a zuciyar Bahaushe ko Bafillace. Da AG ta turo ayari ƙarƙashin S. L. Akintola ya zo Kano ya yi wa talakawan Arewa bayani kai tsaye, sai wuta ta tashi. Daga 16 zuwa 19 ga Mayu aka yi ta gwabzawa tsakanin mutanen birni da Fagge da na Sabon Gari. Hukuma ta ƙirga gawa 36 da masu rauni 241, kuma yawancin 'yan Kudun da abin ya ci Inyamurai ne, waɗanda ba ma su ne suka kira taron ba.

Kafin watan ya ƙare, Majalisar Dokokin Arewa da Majalisar Sarakuna suka amince da buƙatu takwas. Ba su ambaci kalmar ɓallewa ba, amma abin da suka nema ya yi kusa da ita ƙwarai: kowane yanki ya riƙe al'amuransa, a rushe majalisar tsakiya, a bar wata 'yar hukuma ta kula da tsaro da harkokin waje da kwastan. Daga baya Sardauna ya amsa a littafin tarihin rayuwarsa cewa warewa ta ba su sha'awa a lokacin. Abin da ya taka musu birki shi ne teku. Dalar gyaɗar Kano da audugar Gusau da fatun Sakkwato duk ta dogo suke sauka Ikko ko Fatakwal, kuɗin kwastan kuma a bakin ruwa ake karɓarsu. Pakistan ta tafi da tashar Karachi. Arewa da ta tafi, da ta tafi ba ƙofa. Ingila ma ba ta son a maimaita mata Indiya. Sakataren mulkin mallaka Oliver Lyttelton ya kira taro a Landan, aka fito da tsarin tarayya na 1954, kowane yanki da Firimiyansa da ma'aikatansa. Ya kamata a faɗa, don adalci, cewa ba Arewa kaɗai ke wasa da wannan wuƙa ba: Awolowo na AG ma ya nemi a rubuta 'yancin ɓallewa cikin tsarin mulki, aka ƙi.

A ganina tsoron Arewa na gaskiya ne, kuma jinkirin da ta nema ya yi amfani. Yamma da Gabas sun karɓi mulkin kai a 1957, Arewa ta jira har 15 ga Maris 1959, ranar da ta zaɓa da gangan don ta dace da ranar faɗuwar Sakkwato. A tsakanin nan gwamnatin Sardauna ta duƙufa horar da 'yan Arewa tana cusa su aikin gwamnati, har ta gwammace ɗaukar Bature na wucin gadi da ta ba ɗan Kudu kujerar dindindin. 'Yan Kudu sun ji zafin wannan, kuma suna da hujjarsu. Amma ba don haka ba, da 'yar takardar kakana ta zama gadon jikokinsa.

Yanzu bari mu juyo gida, inda maganar ta fi nauyi a baki.

Shekarun baya na shiga mota daga Anka zuwa Daki Takwas. A kujerar baya akwai wani dattijo siriri, da tsohuwar rigar sanyi irin ta soja, zai sauka ya nemi motar Zuru. Wani matashi ya shigo da buhun gero, ya ce da na kusa da shi, "Ce wa arnen can ya matsa." Ba da faɗa ya faɗa ba, haka kalmar ta fito masa kamar yana cewa "mutumin can". Dattijon ya matsa, ya ma taya shi gyara buhun. Sai da mota ta yi nisa ya dube ni ya ce, "Ɗana, na yi shekara ashirin da biyu ina ɗauke da bindiga saboda ƙasar nan. A bariki sunana ɗan Arewa. A motar Arewa kuma ka ji sunana." Na ce, "Baba, a yi haƙuri, yaro ne." Ya ce, "A bakin manya ya ji." Ban sami abin cewa ba har ya sauka.

Kudu da Gummi da Bukkuyum ƙasar Zuru ce, ƙasar Lelna da muke kira Dakarkari, da Fakkawa da sauran danginsu. Kasuwa ɗaya muke ci, kogi ɗaya muke sha, amma kakanninsu suna da labarin hare-haren neman bayi da ya sa suka hau duwatsu. A zamanin Turawa Zuru tana Lardin Neja, mu muna Lardin Sakkwato, kuma Lardin Neja na cikin yankunan da masu fafutukar jihar Tsakiya suke son a yanke daga Arewa. Wato da an biya musu buƙata, da iyakar ta ratsa ta bayan gonakinmu. Fafutukar ta fara ne a 1949 da ƙungiyar waɗanda ba Musulmi ba, wadda Fasto David Lot na ƙasar Filato ke cikin jagororinta, ta sauya suna sau da dama har ta zama UMBC a 1955, daga baya Joseph Tarka na ƙasar Tibi ya karɓi ragamarta ya ƙulla ƙawance da AG. Hujjarsu ita ce tamu sak, an dai juya ta. Mu muna cewa in Bature ya tafi ɗan Kudu zai danne mu da boko. Su suna cewa in Bature ya tafi sarakuna za su danne su da yawa da alƙali da ɗan doka. Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, ta amsa da takenta na Arewa ɗaya, al'umma ɗaya, ba bambancin addini ko muƙami ko ƙabila, kuma Sardauna ya naɗa Kiristoci irin su Peter Achimugu da Michael Audu Buba a gwamnatinsa. Wannan ya kwantar da hankalin wasu. Bai kai ga mutumin ƙauyen kudancin Zazzau da aka ɗora masa hakimi daga birni ba.

A watan Satumba 1957 Ingila ta naɗa kwamiti ƙarƙashin Sir Henry Willink ya binciki tsoron ƙananan ƙabilu a yankuna uku ya kawo magani. Cikin 'yan kwamitin akwai Philip Mason, tsohon jami'in mulkin mallaka a Indiya, wanda ya san abin da rabuwa ta haifar. A Arewa sun saurari koke kan hakiman da aka ɗora wa mutanen da ba nasu ba, kan 'yan dokan En'e, kan wahalar samun filin coci da makarantar mishan, kan ƙin cin abinci tare, har da kalmar nan da matashi ya faɗa a mota. Amma abin da ya fi tsaya wa mutane a rai shi ne kotu. Alƙalai a lokacin suna hukunta har laifin kisa bisa mazhabar Malikiyya, wanda ba Musulmi ba kuma yana tsoron shaidarsa ba za ta yi nauyin ta Musulmi ba, jininsa ma ba za a yi masa kuɗi ɗaya ba. Rikicin dokokin biyu ya riga ya fito tun 1947 a shari'ar Tsofo Gubba, inda kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin kisan da kotun Sarkin Gwandu ta yanke, abin da ya fusata sarakuna.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: ba waɗanda ba Musulmi ba ne kaɗai ke tsoron kotun alƙali. 'Yan NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano a watan Agusta 1950, Musulmi ne masu salla, da yawansu almajirai da malamai. Su ne aka fi ɗaurewa da yi wa bulala kan zagin sarki ko taro ba izini, a kotunan da ke ƙarƙashin sarakunan da suke adawa da su. Malam Aminu Kano, wanda ya koyar a Maru nan ƙasar Zamfara kafin ya bar aiki ya shiga siyasa, bai ce a bar shari'a ba. Cewa ya yi an mayar da ita sandar masu mulki. Duk wanda ya ce Musulmin Arewa murya ɗaya suka yi a wancan zamani bai ji ihun "Sawaba" da "Salama" a kasuwa ɗaya ba.

Rahoton Willink ya fito a 1958. Bai yarda a ƙirƙiro sababbin jihohi ba, bisa hujjar cewa duk inda aka ja layi za a sami wasu 'yan tsirarun a cikinsa. Ya ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki, a kuma ƙarfafa 'yan sandan tarayya. Gwamnatin Ingila ta ƙara da cewa duk wanda ya nace sai jiha, to 'yancin 1960 zai ja baya, kuma ba wanda ya yarda ya ɗauki wannan laifi. A ɓangaren kotu, gwamnatin Arewa ta tura ayari Sudan da Libiya da Pakistan su ga yadda ƙasashen Musulmi ke yi, sannan ta kira kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, Farfesa Anderson na Landan, Shettima Kashim, Peter Achimugu da Malam Musa, babban alƙalin Bida. Daga shawararsu aka sami kundin hukunta laifuffuka da muke kira Final Kod, wanda aka kwaikwayo daga na Sudan, shi kuma na Sudan daga na Indiya na 1860. Ya fara aiki a jajibirin 'yanci. Aure da gado da sauran zamantakewar Musulmi aka bar wa shari'a, aka kafa mata kotun ɗaukaka ƙara a Kaduna. Wanda ya zama Alƙalin Alƙalan wannan kotu a 1962 ɗan ƙasar nan ne, Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, haifaffen Gummi, ɗan alƙali, wanda shi ma ya koyar a Maru. Kujerar da ya zauna a kai 'yar sulhu ce: Musulmi sun saki wani abu mai girma a wajensu don maƙwabtansu su yarda a zauna ƙasa ɗaya. Wasu malamai sun ɗauke shi a matsayin rashi tun ranar, kuma wannan ciwo bai warke ba.

Shin Willink ya yi daidai? A kan cewa layi ba ya kashe tsoro, tarihi ya gaskata shi. Pakistan da aka gina a kan addini ɗaya ta rabu biyu a 1971, bayan Musulmin Bengal sun ji 'yan'uwansu Musulmi na danne su, aka haifi Bangladesh cikin jini. Amma a kan cewa haƙƙin da aka rubuta a takarda zai isa, ya yi kuskure. Ƙasar Tibi ta kama da wuta a 1960 da 1964. Rangadin musuluntarwa da Sardauna ya yi a shekarunsa na ƙarshe ya faranta ran Musulmi, ya kuma tayar da tsohon tsoro a wajen wasu, don sun ga Firimiyan kowa ne ke yin sa. Bayan kashe shi da Tafawa Ɓalewa a Janairu 1966, da dokar shugaban mulkin soja Ironsi ta watan Mayu da ta rushe yankuna ta haɗe aikin gwamnati, tsoron alƙalami ya dawo sabo fil, aka fito tituna ana "Araba!" An kashe dubban Inyamurai a garuruwan Arewa a wannan shekara, Gusau ma ba ta tsira ba, kuma babu tsoron da zai wanke wannan jini. Ƙarshenta waɗanda aka yi wa ihun araba su suka ɓalle, ɗan ƙaramar ƙabila daga Arewa, Yakubu Gowon, ya yanka ƙasar jihohi 12 ranar 27 ga Mayu 1967, kuma 'ya'yan Zuru da Tibi da Langtang suka cika sahun sojan da ya hana ta rabewa.

Mu Zamfarawa ya kamata mu fi kowa gane wannan magana, don mun ɗanɗana ta ba tare da bambancin addini ba. Tun da Gobirawa suka ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18, gidan sarautar ya yi ta ƙaura har ya zauna a Anka. A zamanin Turawa, Sarkin Zamfaran Anka da Sarkin Mafaran Gummi da Sarkin Dankon Bukkuyum hakimai ne a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, harajinmu da jangalinmu can suke tafiya. Alƙibla ɗaya, harshe ɗaya, amma iyayenmu sun yi shekaru suna kukan an bar su baya, har aka ba mu jiha ranar 1 ga Oktoba 1996. A watan Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar da shari'a a Gusau, ya dawo da abin da aka saki a 1960. Jama'a sun yi tururuwa da farin ciki na gaskiya, ni ma ina cikinsu. Kiristocin Sabon Gari kuma suka kwana da irin tambayoyin da aka yi wa Willink, kuma a Fabrairu 2000 Kaduna ta ƙone.

Mun sami jiha, mun sami sarakunan yanka, mun sami dokar da muka nema. Duk da haka a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, Duza na cikinsu, likitocin ƙungiyar MSF ne suka fara gano abin da ke faruwa. Yau kuma manomi Bahaushe na tsoron daji, makiyayi Bafillace da bai taɓa riƙe bindiga ba na tsoron shiga kasuwa kada 'yan sa-kai su tare shi, dukansu kuwa sahu ɗaya suke bi a masallaci. Kowanne ka tambaye shi zai ce maka shi ne ba shi da wurin kai ƙara. Hukuncina a kan wancan zamani shi ne, shugabannin Arewa sun yi gaskiya da suka ƙi a ja su cikin 'yancin da ba su shirya masa ba, sun kuma gaza da ba su ba ƙananan ƙabilu da talakawansu irin kunnen da suka nema daga Kudu ba. Laifi tudu ne, mun taka namu muna hango na Ikko.

Ina roƙon malaman tarihi a makarantun Anka da Gummi da Bukkuyum su koyar da 1953 da 1958 tare, kada a ba yara ɗaya a ɓoye ɗaya. Matasanmu masu waya a hannu kuma, ku nemi tsofaffin da suka jefa ƙuri'a a akwatin fartanya na NPC ko na tauraro na NEPU a zaɓen Disamba 1959, ku zauna gabansu ku naɗi muryarsu, ku tambaye su me suke tsoro a lokacin. In hanya ta yi kyau ku ƙarasa Zuru ku yi wa tsofaffinsu tambaya iri ɗaya. Ku hanzarta, don mafi ƙanƙantar wanda ya yi wannan zaɓe ya haura shekara 85 a yau.